Na'urar Awo ta Leica DISTO D2 a Aikin Zana Tsofaffin Hasumiyoyi a Sakkwato

Wanda zai zana tsohuwar hasumiya da awonta na gaskiya, ba zanen kwalliya ba, aikinsa kashi biyu ne. Kashi na farko yana cikin ginin, a duhu, tsakanin matakala da bango da azara. Kashi na biyu yana waje, a rana, yana ɗaga kai yana neman tsinin zanko. Leica DISTO D2, ƙaramar na'urar awo mai hasken leza da ɗaliban zanen gine-gine da masu safiyo ke yawan tambaya a kanta, gwana ce a kashi na farko. A kashi na biyu kuwa, a irin ranar Sakkwato, rauninta a fili yake, kuma mafi muninsa shi ne wani lokaci takan ba da lamba mai kyan gani wadda ba daidai ba ce.

Na'urar ba ta kai tsawon tafin hannu ba: milimita 116 a tsaye, 44 a faɗi, kaurinta 26, nauyinta wajen giram 100 da batir a ciki. Batir biyu take ci, ƙanana, samfurin AAA. Kamfanin ya ce tana auna daga santimita 5 zuwa mita 100, da kuskuren da bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. Amma wannan a yanayi mai kyau ne, wato farin bango mai mayar da haske da wuri mai inuwa. A yanayi marar kyau, takardar na'urar da kanta ta sauko da zangon zuwa mita 60, kuskuren kuma ya koma milimita 3. Mai aiki a Sakkwato ya ɗauka cewa yawancin yininsa a waje yanayi marar kyau ne. Tana da Bluetooth, tana da lissafin faɗi da na girman ɗaki, tana da agogon jinkiri, tana da awon mafi kusa da mafi nisa, tana kuma da lissafin Pythagoras na fitar da tsawo daga nesa. Abubuwa biyu ne ba ta da su, kuma su ne mai awon hasumiya ya fi bukata a waje: ba ta auna karkata, ba ta da kyamarar da ke nuna inda ɗigon hasken ya sauka.

Wace irin hasumiya ake magana a kai

Kafin a yanke wa na'ura hukunci sai an san ginin da za ta fuskanta. A ƙasar Sakkwato iri biyu ne. Akwai na siminti, irin na manyan masallatan birni da aka sabunta, kamar Masallacin Sarkin Musulmi Bello wanda aka sake ginawa a shekarun 1960, zamanin Sardauna. Waɗannan bangonsu a miƙe yake, kusurwarsu tana da kaifi, kuma su ma yanzu sun haura shekara sittin, sun cancanci a ajiye zanensu. Sai kuma na ƙasa, na tubali da birji da azara, waɗanda suka rage a tsofaffin garuruwa da ƙauyuka: gajerun hasumiyoyi, matakalar ladan da ke hawa kan soron masallaci, benayen zaurukan sarauta, da ragowar ginin ƙofofi. Masallatan zamanin jihadi da yawa ba su da doguwar hasumiya tun asali, matakala ce kawai ladan ke hawa ya yi kira daga kan rufi, don haka abin da ake kira hasumiya a wasu garuruwan bai fi mita biyar ko shida ba. Dogayen na ƙasa da aka sani suna maƙwabta: Gobarau ta Katsina mai kimanin mita 15, ta Agadas mai mita 27, da hasumiyoyi huɗu na masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, ginin Falke Barmu wanda ya fara a 1962 ya kuma samu kyautar Aga Khan a 1986. Ɗaliban da ke koyon wannan aiki a Sakkwato sukan kai ga irin waɗannan, shi ya sa maganar tsawo ba ta zama banza ba.

Ginin ƙasa yana da halaye uku da ke ruɗa kowace na'urar leza. Bangon yana da kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama, saboda haka fuskarsa a kwance take kaɗan, ba a tsaye sak ba. Kusurwoyinsa a dunƙule suke, hannun magini ne ya shafe su, babu layi ɗaya da za a ce nan ne kusurwa. Sannan yaɓen kansa yana canzawa: damina ta ci, a sake yaɓawa, kauri ya ƙaru a wani gefe ya ragu a wani. A kan irin wannan bango, daidaiton milimita ɗaya da rabi ba shi da inda zai zauna. Matsar da ɗigon da faɗin yatsa uku kawai na iya canza lambar da santimita biyu. A zanen sikeli 1:50, wato wanda santimita ɗaya a takarda ke daidai da santimita 50 a gini, layin fensir mai kaurin rabin milimita yana wakiltar santimita biyu da rabi a jikin bango. Don haka a ginin ƙasa a rubuta awo zuwa santimita mafi kusa, a bar milimita ga ƙofar katako da tagar ƙarfe da ginin siminti. Zanen da aka cika da lambobi irin 2.347 a kan bangon tubali yana nuna mai shi ya kwafi fuskar na'ura ne, bai dubi bangon ba.

A cikin hasumiya

Nan ne D2 take biyan kuɗinta. Ramin matakala matsattse ne, sau da yawa bai kai santimita 80 ba, kuma mutum biyu ba sa iya riƙe tef a cikinsa ba tare da ɗaya ya goge yaɓe da kafaɗa ba. Da na'urar, mutum ɗaya ya isa. Ɗigon ja yana fitowa sarai a duhu, fuskarta tana da haske, kuma ba a taɓa bangon da ake aunawa, wanda babban abu ne a inda yaɓe ya riga ya bubbuge yana jiran abin da zai zubar da shi. Tsawon rufi daga daɓe zuwa ƙarƙashin azara, wanda da tef sai an hau wani abu, yanzu daƙiƙa biyu ne: a ajiye ta a ƙasa, a danna.

Amma kafin a danna ko sau ɗaya, sai an kafa layin tushe, kuma wannan ba aikin D2 ba ne tunda ba ta san kwance da tsaye ba. Daɓen tsohon gini ba ya taɓa zama daidai, saboda haka ba a auna tsawo daga ƙasa. Ana samun siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki, tsawon mita 10 zuwa 15, a cika shi da ruwa, a fitar da kumfar iska duka, domin kumfa ɗaya tana iya karkatar da layin da santimita guda ko fiye. A zaɓi wuri ɗaya tabbatacce, misali dokin ƙofa, a yi alama da alli mita ɗaya sama da shi, sannan a zagaya da tiyon ana maimaita alamar a kowace kusurwa, ciki da waje. Da alli ake yi, ba da ƙusa ko fenti ba. Daga wannan layi ne kowane tsawo zai tashi, sama ko ƙasa. A kowane bene a kafa sabon layi, a auna tazararsa da na ƙasa ta ramin matakala, a rubuta. Idan an tsallake wannan mataki, zanen tsagin ginin, wato zanen da ke nuna shi kamar an yanka shi daga sama zuwa ƙasa, ba zai haɗu ba, taga za ta fito a wani tsawo daga ciki, a wani tsawo daban daga waje.

Ɗakin hasumiya mai bango huɗu yana bukatar awo shida a ƙalla: ɓangarori huɗu da gicciye biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Gicciye ɗaya ne ke tsayar da siffar ɗakin a takarda, na biyun shaida ne. Idan aka zana aka ga na biyun ya saɓa da fiye da santimita biyu ko uku, akwai kuskure a wani wuri, a koma tun ana wurin. Duka shidan a ɗauke su a kan layin alli, domin ɗakin yana faɗaɗa yayin da bango ke sirancewa zuwa sama, awon da aka ɗauka a gwiwa ba zai yi daidai da wanda aka ɗauka a ƙirji ba. Awon mafi nisa yana taimakawa a gicciye: a kunna shi, a riƙa goga ɗigon a hankali dama da hagu cikin kusurwar, na'urar ta riƙe lamba mafi girma. Awon mafi kusa kuma na neman tazara madaidaiciya zuwa bangon da ke fuskantar mutum. Dukansu suna aiki da kyau, sai dai a kula da ramukan bango. Ɗigon na iya faɗawa cikin ramin azara da ta ruɓe ko alkukin fitila, sai mafi nisa ya zama zurfin ramin.

A gindin na'urar akwai ɗan harshe da ake buɗewa. Idan aka miƙe shi gaba ɗaya yana shiga cikin kusurwa, idan aka tsayar da shi a rabi yana maƙalewa a gefen abu, kuma na'urar tana gane matsayinsa da kanta ta gyara inda awo ke farawa. A ginin siminti wannan dabara ce mai kyau. A ginin ƙasa harshen yana nutsewa cikin yaɓe mai taushi ko ya tsaya a kan dunƙulen kusurwa, ya danganta da ƙarfin hannun mai riƙewa. Maganinsa a sa ɗan guntun falanki mai kauri sananne a bayan na'urar, a ƙara kaurinsa a lissafi. Akwai kuma kuskuren da kusan kowane sabon hannu ke yi: ana iya sa awo ya fara daga gaban na'urar ko daga bayanta, idan aka sauya aka manta, lambar za ta kauce da santimita 11.6, wato tsawon na'urar. Duk inda aka ga awo biyu sun saɓa da kusan santimita goma sha biyu, a fara duba alamar da ke saman fuskarta.

Matakala ta fi komai cin lokaci, kuma ita ce aka fi yi wa ha'inci a zane. A ginin yanzu ana auna taki ɗaya a ninka. A tsohuwar hasumiya kowane taki da tsawonsa, wani santimita 18, na gaba da shi 27, tsakiyarsa ta lotsa saboda ƙafafun ladanai na shekaru. Wannan lotsawar tana cikin tarihin ginin, a zana ta yadda take. Ana auna kowane taki daga layin tushe, a gefen bango da kuma a tsakiya. A nan ƙaramin tef na ƙarfe mai mita 5 ya fi D2 sauri, domin tazarar gajera ce. Inda na'urar ke shigowa shi ne tsawon da ke tsakanin kowane taki da rufin da ke bisa kansa, wanda shi ke ba da layin rufin matakalar a zanen tsagi.

Rufin kansa a kwanta a dube shi da tocila kafin a auna. Azara ba ta ɗaukar tazara mai yawa ita kaɗai, wajen mita 1.8 ne iyakarta a al'adar magina, shi ya sa ake jera ta hawa-hawa daga kusurwa ko a ɗora ta kan baka. A ƙirga azarorin, a nuna inda kowace ta dosa, a auna faɗin uku ko huɗu. Idan akwai baka ko daurin guga, a miƙa tef a ƙasa daga gindin ƙafa zuwa gindin ƙafa, a riƙa ajiye D2 a kan tef ɗin kowane santimita 25 ana harba ta sama. Lambobin da aka samu su ne lanƙwasar bakan. Wannan aiki da sanda da tef yakan ci rabin yini, da na'urar bai fi minti ashirin ba. Sharaɗin shi ne ta tsaya a kan abu mai daidaito, falanki da aka saita da ma'aunin ruwa, domin in ta karkata ɗigon zai sauka gefe.

A waje, inda matsalar take

Hasken na'urar ja ne, ƙarfinsa bai kai miliwat ɗaya ba, kamar yadda dokar irin wannan leza ta tanada don kare ido. Da hantsi ya ɗaga a Sakkwato, ɗigon yana ɓacewa daga ido a 'yan mitoci kaɗan, balle a kan jan birji inda launin ɗigo da na bango suka kusa zama ɗaya. Na'urar tana iya ci gaba da ba da lamba, amma mai riƙe da ita bai san abin da ya auna ba. Jan tabarau da ake sayarwa don wannan yana ƙara 'yan mitoci, ba ya kai mutum kan zanko. Ga kuma rawar hannu: karkatar digiri ɗaya tak a nisan mita 15 tana matsar da ɗigon santimita 26. Zankon da faɗin kansa bai fi tafin hannu ba, samunsa da hannu sake sa'a ce. Ɗigon ma yana faɗaɗa da nisa, milimita 6 a mita 10, milimita 30 a mita 50, don haka a bakin rawani, wato gajeriyar katangar da ke zagaye saman rufi, rabinsa na iya sauka kan gini rabi ya wuce.

Idan haske ya yi yawa takan nuna lambar gargaɗi 257 a maimakon awo. Idan abin da ya dawo mata ya yi rauni, kamar a kan bango mai duhun makuba, takan nuna 255. Lamba 256 na fitowa a kan abu mai ƙyalli, irin kwanon da ake rufe kan hasumiyar siminti ko tayil mai santsi. Waɗannan gargaɗi alheri ne, domin sun hana mutum rubuta ƙarya. Haɗarin yana inda ba ta yi gargaɗi ba: ɗigon ya bi ta taga ya sauka a bangon ciki, ko ya taɓa wayar lasifika, ko reshen darbejiya, ta ba da lamba lafiya lau.

Sai lissafin Pythagoras, wanda masu sayarwa ke nunawa a matsayin hanyar auna tsawon gini daga ƙasa. Ana harba ɗigo zuwa sama, a harba wani a miƙe zuwa bango, na'urar ta fitar da tsawo. Lissafin ya ginu ne a kan cewa wuraren biyu suna kan layi ɗaya a tsaye. Hasumiyar ƙasa ba haka take ba. A ɗauki misali: mutum yana mita 10 daga bango, bakin rawani yana mita 12 sama da hannunsa, bangon kuma ya kwanta ciki da santimita 60 daga ƙasa zuwa sama. Harbin sama zai ba da mita 16.01. Na'urar za ta haɗa shi da mita 10 ta ce tsawon 12.50 ne. An ƙara wa hasumiyar rabin mita, kuma babu wata alama a fuskar na'urar da za ta nuna an yi kuskure. Ko a hasumiyar siminti, idan tana da baranda da ta fito ko sama da ya tsuke, matsalar ɗaya ce. A aikin tsohon gini wannan maɓalli a bar shi kawai.

Hanyar da ke aiki ita ce a auna daga sama zuwa ƙasa. A hau da falanki madaidaici mai tsawon mita biyu, a kwantar da shi kan rawani da tsumma a ƙarƙashinsa, a saita shi da ma'aunin ruwa, a turo bakinsa waje har ya wuce gindin bango, mutum ɗaya ya danne ɗaya bakin. A ƙasa a ajiye farin allo ko kwali, a yi masa inuwa da lema. A manna D2 a bakin falankin tana kallon ƙasa, a ɗaure ta da igiya a wuyan hannu, a kunna awon mafi kusa, wanda ke ƙasa ya faɗi lokacin da ɗigon ya hau allo. A yi sau uku. Sannan a auna tsakanin allon da layin alli, a haɗa. Daga wannan falanki kuma ake sako igiya mai nauyin kilo ɗaya a ƙarshenta, a tsoma nauyin cikin bokitin ruwa don iska ta daina kaɗa shi. Igiyar ita ce layin tsaye na gaskiya. A ɗaura mata ƙyalle a kowace mita, a auna tazarar da ke tsakaninta da bango a kowane ƙulli, da tef a inda hannu ya kai, da hoto daga gefe a inda bai kai ba. Waɗannan tazarori su ne kwanciyar bangon. A yi haka a fuskoki huɗu, domin ta nan ne ake gane ko hasumiya sirancewa kawai ta yi ko kuwa ta fara jingina gefe guda, wanda shi ne abin da mai gyara ya fi son sani.

Idan dole sai an harba daga ƙasa, lokacinsa daga wayewar gari zuwa fitowar rana sosai, ko bayan la'asar sakaliya, a gefen da ke inuwa. A jingina na'urar kan abu tsayayye, a yi amfani da agogon jinkiri don danna maɓalli kada ya girgiza ta.

Zanko, indararo da adon taga

Waɗannan su ne abin da ke bambanta hannun wani magini da wani, kuma D2 ba ta da rawar takawa a kansu sai kaɗan. Zanko ana zana shi a sikeli 1:10 ko 1:5. A tsayar da ruler ko sanda mai alama a gefensa, a auna faɗinsa da kaurinsa kowane santimita 10 daga gindi zuwa tsini, a nuna inda ya karkata, a kuma duba ko akwai guntun azara a cikinsa. A zana kowane zanko da kansa, kada a zana ɗaya a kwafa sau huɗu. Indararo a rubuta abin da aka yi shi da shi, kwano ne ko kasko ko icce, tsawon fitowarsa daga bango, da halin bangon da ke ƙarƙashinsa, domin mafi yawan rushewa daga nan take farawa: indararo ya toshe ko ya gajarta, ruwa ya bi bango ya ci gindi. Kaurin bango a kowane bene ta taga ake samunsa, da tef. Adon da aka tayar a yaɓe kuwa, a ɗauki hotonsa daga gaba sak, da ma'auni a jikinsa a tsaye da a kwance, da sassafe lokacin da haske ke zuwa daga gefe yana fito da zurfinsa.

Manhajar DISTO Plan da ake haɗa na'urar da ita a waya tana da amfani ɗaya na gaske a nan: ana ɗaukar hoto, a ja layi a kansa, lambar ta hau kai tsaye. Wannan yana rage ruɗanin wace lamba ce ta wane wuri. Sashenta na zana fulan ɗin ɗaki kuwa an yi shi ne don bango miƙaƙƙe, yana miƙar da abin da ba miƙaƙƙe ba. Ƙwaƙwalwar na'urar awo goma na ƙarshe kawai take riƙewa, hasumiya ɗaya kuma tana cin awo ɗaruruwa. Don haka littafin fili da fensir suna nan daram. A fara zana ginin da hannu, babba, shafi guda ga kowane bene da kowace fuska, kafin a fara awo, sannan mutum ɗaya ya auna, ɗaya ya rubuta yana maimaita lambar da baki. Takardar A3 tana ɗaukar hasumiyar mita 15 a sikeli 1:50, domin santimita 30 za ta ci.

Zafi, ƙura da batir

An ƙayyade mata aiki har zuwa digiri 50. A bazarar Sakkwato, watan Afrilu da Mayu, iska kanta tana haura 40, baƙar roba a kan rufi kuma ta fi haka nesa. Idan ta yi zafi takan nuna 252 ta ƙi aiki sai ta huce. Kada a bar ta kan rawani ko cikin mota, a riƙe ta a aljihu ko jaka. Matsayin kariyarta IP54 ne, wato tana jure ƙura da yayyafi amma ba a rufe take ruf ba. A hunturu ƙura na kwanciya kan gilashinta ta rage zango, hazo mai kauri ma yana rage shi. A hure gilashin tukuna sannan a goge da tsumma mai laushi. Gogewa da bakin riga a kan ƙurar hunturu kankare gilashi ne. Kamfanin ya ce batir biyu na kai awo dubu goma, Bluetooth da awo mai ci gaba suna rage wannan sosai, kuma batir mai arha na kasuwa ba ya kusantar haka. A tafi da ƙarin biyu, a cire su in za a ajiye ta, domin zafi na sa su zubar da ruwa su ci ƙarfen ciki.

Wanda zai saya ya gwada ta a gaban mai sayarwa: a miƙa tef na ƙarfe mita 5 a kan daɓe mai kyau zuwa bango, a harba sau biyar, lambobin su tsaya cikin milimita biyu na tef. A maimaita wannan gwaji kafin kowane babban aiki da bayan kowace faɗuwa. A kuma lura akwai tsohuwar D2 mai zangon mita 60 wadda ba ta da Bluetooth, sunansu ɗaya.

Ga wanda aikinsa ya fi yawa a kan dogayen hasumiyoyi daga waje, D2 ba ita ce tasa ba. DISTO X4 da D510 suna da kyamarar nemo ɗigo mai kusantowa sau huɗu, suna auna karkata, kariyarsu IP65 ce, wadda ta fi ta D2 tsare ƙura da ruwa, kuma da su ana iya samun tsawo da tazara daga harbi ɗaya a kan abin ɗora na'ura mai ƙafa uku. Kuɗinsu ya ninka nata. Ga ɗalibi, ko ƙaramin ofishi, ko ma'aikacin adana kayan tarihi da zai auna masallatan ƙasa da zauruka da gajerun hasumiyoyi, D2 ta isa, muddin an haɗa ta da tef na mita 30 da na mita 5, tiyon ruwa, igiya mai nauyi, falanki, alli da tocila. Da irin waɗannan kayan hannu Zbigniew Dmochowski da mataimakansa 'yan Najeriya suka auna gine-ginen ƙasar nan, aikin da aka buga cikin juzu'i uku a 1990, kuma lokacin da wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Malam Mika'ilu, ya rufta a watan Agustan 2023, irin waɗannan zane-zane na awo ne suka rage a matsayin shaidar yadda bakunansa suke.

Hawa kansa yana da ƙa'ida, kuma babu na'urar da ke ɗauke ta. A nemi izinin liman da kwamitin masallaci, a ƙauye a fara da gaisuwa wurin hakimi ko mai gari, in ginin yana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa a nemi na hukumar gidajen tarihi. A sanar da maƙwabta ranar da za a hau, domin daga kan hasumiya ana hango tsakar gidajen mutane, a ba iyali damar kintsawa. A sauko kafin kiran salla. Kada a hau rufin ƙasa a damina ko kwana biyu bayan ruwa. Kafin a taka bene a soki azara da tsinken ƙarfe daga ƙasa, in ya shige da sauƙi gara ta cinye cikinta, a tsaya nan a auna abin da ke sama da leza daga inda ake. A rufi a bi gefen bango, mutum biyu iyaka, kuma a leƙa da tocila kafin a sa kai cikin ɗakin sama saboda rina da jemagu. In akwai tsohon maginin da ya taɓa yaɓe ginin, a tafi da shi, a rubuta sunan kowane sashe yadda ya faɗe shi a gefen lambarsa, da shekarar da ya ce an yi yaɓen ƙarshe, da ranar da aka yi awon.